Kifin wel mai doro

Kifin wel mai doro, wanda masana kimiyya ke kira Megaptera novaeangliae, babbar dabbar teku ce mai shayarwa da ake samu a dukkan manyan tekunan duniya. Ana ce masa kifi saboda siffarsa da mazauninsa, amma ba kifi ba ne. Da huhu yake numfashi, jininsa mai ɗumi ne, macen tana haihuwar ɗa da rai maimakon saka ƙwai, kuma tana shayar da shi nono, kamar yadda ayun kogin Neja da na Binuwai yake yi. A cikin dabbobin tudu da ke raye a yau, dorina ce ta fi kusa da shi a dangantaka.

Rayuwar wannan dabba a rabe take gida biyu a kowace shekara. Tana cin abinci a tekuna masu sanyi da ke kusa da ƙarshen duniya na kudu da na arewa, sannan ta yi tafiyar dubban kilomita zuwa ruwa mai ɗumi don barbara da haihuwa, inda kusan ba ta cin komai. Kitsen da ta tara a watannin ci shi ne guzurin tafiya, shi ne ƙarfin da maza ke faɗa da shi, shi ne kuma nonon da uwa ke ba ɗanta. Saboda haka ba a iya fahimtar haihuwar wannan dabba sai an fahimci cinta.

Suna da siffa

Babban wel mai doro yakan kai tsawon mita 14 zuwa 16, nauyinsa kuma yana iya kaiwa tan 40. Mace ta fi namiji tsawo da kimanin mita ɗaya. Bayansa baƙi ne ko ruwan toka mai duhu, cikinsa kuma fari da baƙi. Sunan doro ya samo asali ne daga tudun da ke ƙarƙashin ƙaramin fiffikensa na baya, da kuma yadda yake lanƙwasa gadon bayansa idan zai nutse.

Abin da ya fi bambanta shi da 'yan'uwansa shi ne dogayen fikafikansa na gefe, waɗanda ke kaiwa kashi ɗaya cikin uku na tsawon jikinsa, wato har mita 5. Kalmar Megaptera ta Girkanci ce, ma'anarta babban fiffike. Masanin Jamus Georg Heinrich Borowski ne ya fara bayyana dabbar a kimiyyance a shekarar 1781. A kansa da haɓarsa akwai ƙulle-ƙulle, kowane da gashi a tsakiyarsa. Zanen fari da baƙi na ƙarƙashin wutsiya ya sha bamban daga wannan dabba zuwa waccan, kamar zanen yatsun mutum. Tun daga shekarun 1970 masu bincike ke gane kowane wel da hoton wutsiyarsa, kuma mafi yawan abin da aka sani game da shekarun haihuwa da hanyoyin ƙaura ta wannan hanya aka same shi.

Abinci

Wel mai doro ba shi da haƙora. A maimakonsu yana da wasu dogayen faifai da ake kira balin, waɗanda ke rataye daga muƙamuƙinsa na sama, guda 270 zuwa 400 a kowane ɓangare. Da sinadarin da ke cikin farce da gashi da ƙaho aka yi su. Gefensu na ciki a tsefe yake kamar bakin tsintsiya, kuma idan suka haɗu sai su zama rariya.

Duk girmansa, ƙananan abubuwa yake ci. A tekun Antatika abincinsa kusan duka kiril ne, wata ƙaramar halitta mai kama da jatan lande wadda ba ta wuce santimita 6 ba, amma tana taruwa miliyan bisa miliyan har ruwan ya yi ja. A tekunan arewa yana haɗa kiril da ƙananan kifaye masu yawo garke-garke, irin su herin da sadin da dangoginsu. Idan wani nau'in ya yi ƙaranci sai ya koma wa wani, kuma wannan sauƙin kai ya taimaka masa fiye da wasu manyan wel da suka dogara ga abinci iri ɗaya.

Yadda yake ci shi ne ya tunkari garken da gudu, ya wage baki, ya kwashi ruwa da abin da ke ciki gaba ɗaya. Daga haɓarsa zuwa cibiya akwai ninki 14 zuwa 35 a fatar, waɗanda ke buɗewa kamar zugazugin maƙera, har maƙoshin ya kumbura ya ɗauki dubban litoci a loma ɗaya. Daga nan sai ya rufe baki, ya matse ruwan ya fita ta tsakanin balin, abincin ya maƙale a ciki, ya haɗiye. Kowace irin wannan kwasa tana cin ƙarfi sosai, domin buɗaɗɗen bakin yana tsayar da dabbar kusan cak, sai ta sake ɗaukar gudu. Shi ya sa ba ya ɓata ƙarfinsa a kan garke marar kauri. Ribar tana ga wurin da abinci ya cunkushe.

Hanyar da abinci ke bi zuwa cikinsa ƙunƙuntacciya ce, ba ta wuce babban abu. A watan Yunin 2021 wani mai nutso a gaɓar Cape Cod ta Amurka ya faɗa bakin wel mai doro da ke cikin kiwo, bayan ɗan lokaci dabbar ta tofar da shi da ransa.

Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2021, wanda aka yi da na'urorin da ake manna wa dabbobin a baya da kuma jirage marasa matuƙa, ya nuna cewa manyan wel masu balin suna cin kusan ninki uku na abin da aka ƙiyasta a da. A ranar da kiwo ya yi kyau, wel mai doro ɗaya yana iya cin tan da dama. Ba ya buƙatar shan ruwan gishiri. Daga abincin yake samun ruwa, a lokacin azuminsa kuma daga kitsen da jikinsa ke narkarwa.

Dabarun kiwo

Fitacciyar dabararsa ita ce tarun kumfa. Wel yakan nutsa ƙarƙashin garken kifi, ya riƙa kewaye shi yana hawowa sama yana fitar da iska ta hancinsa. Kumfar tana tasowa ta zama bango zagaye da kifayen, su kuwa suna tsoron ƙetare ta, sai su dunƙule a tsakiya. Sai ya taso ta ƙarƙashinsu baki buɗe. Faɗin tarun yana kamawa daga mita 3 zuwa 30. Wel ɗaya yana iya yin wannan shi kaɗai, amma a kudu maso gabashin Alaska ana ganin ƙungiyoyi na goma zuwa ashirin suna yi tare a kan kifin herin, da rabon aiki: wani yana busa kumfa, wani yana yin wata doguwar ƙara da ke firgita kifayen su yi sama, sauran suna tare su, sannan duka su ɓullo a lokaci guda. An ga wasu dabbobin suna komawa ƙungiya ɗaya shekara da shekaru, alhali ba 'yan'uwan jini ba ne.

Ba kowane wel mai doro ne ke yin tarun kumfa ba, kuma wannan ne ya sa masana suka fara tunanin cewa wasu dabarun koyonsu ake yi. Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga mashigin tekun Maine a gabashin Amurka. A 1980, bayan herin ya yi ƙaranci a yankin kuma dabbobin sun koma wa wani siririn kifi mai ɓuya a yashi, an ga wel ɗaya yana dukan saman ruwa da wutsiya kafin ya nutsa ya busa kumfa. Zuwa 2007 kusan kashi 40 cikin 100 na wel ɗin yankin suna yin haka. Masana daga Jami'ar St Andrews ta Sikotland sun bi bayanan shekaru 27, suka gano cewa dabarar ta bazu ne ta hanyar abokan yawo: wanda ya fi zama da masu yin ta shi ya fi saurin ɗauka. A 2013 aka wallafa sakamakon.

A wannan yankin dai wasu suna kiwo a ƙasan teku, suna kwanciya a gefe suna tono kifin yashi, har muƙamuƙinsu ya goge. Mafi yawansu a gefen dama gogewar take, kamar yadda mafi yawan mutane suke na-dama. A kusa da tsibirin Vancouver na Kanada kuma, tun 2011, ana ganin wasu suna tsayawa cik a saman ruwa baki buɗe, suna jiran kifayen da tsuntsaye suka koro su shiga da kansu, suna ɗan tura su da fikafikai. Da dabbobi biyu aka fara gani, zuwa 2015 sun kai 16.

Ƙaura

Idan hunturu ya gabato, ƙanƙara ta fara rufe wuraren kiwo, sai dabbobin su kama hanyar ruwan ɗumi. Na Alaska da yawa suna zuwa Hawai, tafiyar kimanin kilomita 4,800. Na arewacin Atlantika sun fi taruwa a arewacin Jamhuriyar Dominika. Wasu daga Antatika suna ƙetare layin Ikweta har gaɓar Kosta Rika, fiye da kilomita 8,000, ɗaya daga cikin tafiye-tafiye mafi tsawo da aka sani ga dabba mai shayarwa. Da yake hunturun kudu da na arewa ba sa zuwa lokaci ɗaya, rukunan ɓangarorin biyu ba su cika haɗuwa ba.

Wani rukuni na kudu yana haihuwa a yammacin Afirka. Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ake damina a ƙasar Hausa, ana ganin su a gaɓar Angola da Kongo da Gabon, da kewayen tsibiran Sao Tome da Bioko, har zuwa ruwan Najeriya da Benin da Togo da Ghana. An liƙa wa wasu na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya a Gabon a 2002, aka ga wasu sun yi arewa cikin mashigin tekun Gini, wasu kuma sun yi kudu har kewayen tsibirin Bouvet. Hanyoyin nasu suna ratsa wuraren haƙar mai da hanyoyin manyan jirage.

Ba tare suke tashi ba, kuma jerin tashin nasu ya nuna yadda lissafin kitse yake tafiyar da komai. Masana biyu, Graham Chittleborough da William Dawbin, sun gano wannan jeri daga dabbobin da aka kashe a tashoshin farauta na Ostireliya da New Zealand a shekarun 1950 da 1960. Masu fara barin wurin kiwo su ne uwayen da ke dab da yaye, sai matasa, sai manyan maza, a ƙarshe kuma mata masu tsohon ciki, waɗanda ke tsayawa su ci har ranar ƙarshe. A hanyar komawa, matan da suka ɗauki sabon ciki ne kan gaba, suna sauri su isa ga abinci. Masu jarirai ne ke zuwa ƙarshe, sai ɗan ya yi ƙwarin tafiya.

Masana sun kawo dalilai da dama na wannan doguwar tafiya. Jariri ba shi da kitse mai kauri, don haka a ruwa mai ɗumin digiri 21 zuwa 28 nonon da ya sha girma yake zama, ba ɗumama jiki ba. Ruwan gaɓa marar zurfi ya fi kwanciya. Kuma orka, babban dolfin mai fari da baƙi da ke farautar jarirai, ya fi yawa a tekuna masu sanyi. Azumin ma ba cikakke ba ne ga kowa. Wasu suna tsayawa kiwo a hanya, kuma a 2011 da 2014 da 2015 an ga taron wel 20 zuwa 200 suna ci a gaɓar yammacin Afirka ta Kudu. Wasu matan ma ba sa yin tafiyar kowace shekara, shi ya sa maza suka fi yawa a wuraren barbara.

Waƙa da neman mace

Namiji kaɗai ke waƙa. Yakan tsaya a cikin ruwa kai ƙasa, fikafikai a buɗe, ya riƙa fitar da jerin sauti masu tsari: ƙananan sauti suna haɗuwa su zama jimla, jimloli su maimaitu su zama baiti, baitoci kuma su biyo juna a tsayayyen jeri. Waƙa ɗaya tana ɗaukar minti 5 zuwa 30, sai ya sake ta daga farko, wani lokaci na sa'o'i masu yawa. Wani injiniyan sojan ruwa a Bamuda, Frank Watlington, shi ne ya naɗi waɗannan sautuka tun shekarun 1950. Roger Payne da Scott McVay suka bayyana tsarinsu a mujallar Science a 1971. Faifan da Payne ya fitar a 1970 ya yi kasuwa sosai, kuma ya taimaka wajen juya ra'ayin jama'a a kan farautar wel.

Duk mazan rukuni ɗaya waƙa ɗaya suke yi a lokaci guda, kuma tana sauyawa sannu a hankali, kowa yana bin sauyin. Wani lokaci kuma sai a watsar da ita gaba ɗaya. A gabashin Ostireliya a 1996 an ji maza biyu daga cikin 82 suna yin waƙar rukunin yammacin ƙasar. Zuwa 1998 babu mai yin tsohuwar. Daga baya an nuna cewa waƙoƙi suna tafiya gabas a kudancin Fasifik, daga Ostireliya zuwa Tonga har tsibiran Folinesiya na Faransa, cikin kimanin shekaru biyu. A 2024 wani bincike ya nuna cewa da maƙogwaro suke yin sautin, iska tana wucewa tsakanin wani guringuntsi da matashin kitse, kuma sautin yana faɗawa daidai cikin zangon ƙarar injin jirage.

An yarda cewa waƙar tana da alaƙa da barbara, tunda a lokacinta ta fi yawa. Saɓanin yana kan wanda ake yi wa. Wasu masana suna ganin mata ake jawowa. Wasu kuma sun lura cewa wanda ya fi tunkarar mawaƙi wani namijin ne, don haka suna ganin hanya ce ta auna juna tsakanin maza. Babu abin da ya hana ta yin aikin biyu.

Ɗaya hanyar neman mace ita ce ƙarfi. Mace ɗaya takan yi gaba, babban namiji yana manne da ita, wasu mazan, daga biyu har fiye da goma, suna biye suna neman ture shi. Suna karo da kai, suna duka da wutsiya, suna busa kumfa a fuskar juna, suna kumbura maƙoshi don su ƙara girma a ido. Ƙulle-ƙullen kansu sukan fashe su yi jini. Ana iya shafe sa'o'i ana wannan tsere, kuma duk da cikin da babu abinci ake yi. A gabashin Ostireliya an lura cewa da yawan dabbobin ya ƙaru, maza sun rage waƙa sun ƙara faɗa: a 2004 kimanin biyu cikin goma ke waƙa, bayan shekaru goma ya koma ɗaya cikin goma.

Babu zaman aure a tsakaninsu. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa mace tana haihuwa da maza daban-daban a tsawon rayuwarta, kuma uba ba ya da hannu a raino. Barbarar kanta da wuya ake ganinta. Hotunan farko da masana suka tabbatar an ɗauke su ne a kusa da tsibirin Maui na Hawai a watan Janairun 2022, kuma dabbobin biyu duka maza ne.

Ciki, haihuwa da shayarwa

Ciki yana ɗaukar kimanin wata goma sha ɗaya da rabi, don haka macen da ta ɗauka a wannan hunturu a na gaba za ta haihu, bayan ta je kiwo ta dawo. Ɗa ɗaya take haifa. Yana zuwa da tsawon mita 4 zuwa 4.5, nauyinsa kuma yana kusantar tan ɗaya. Da zarar ya fito dole ya kai saman ruwa ya shaƙi iska, uwar kuma takan tallafe shi da kanta ko bayanta.

Kan nonon uwa a ɓoye yake cikin tsagogi biyu a ƙasan cikinta. Jariri ba shi da leɓen tsotso irin na ɗan maraƙi, sai ya nutsa ƙarƙashinta ya kama da harshe, ita kuma ta feso masa. Kowane kamu bai kai minti ɗaya ba, saboda sai ya hau ya numfasa. Nonon mai kauri ne, kitsen da ke cikinsa yana iya haura kashi 40 cikin 100, alhali na saniya bai wuce kashi 4 ba. Wannan shi ne mafi tsadar aiki a rayuwar dabbar, domin uwa tana bayarwa ne ba tare da tana ci ba. Wani bincike da aka yi da jirage marasa matuƙa a Hawai ya ƙiyasta cewa uwa mai shayarwa tana rasa kusan kilo 100 a kowace rana. Kafin ta koma wurin kiwo, ana iya ganin ƙashin bayanta ya fito.

Shi ya sa uwa da ɗa suke yawan hutawa a ruwa marar zurfi, suna kauce wa hayaniyar maza. Duk abin da ya tilasta musu gudu, ko mazan ne ko kwale-kwalen masu kallo, daga nonon yaron yake ci. Sau da yawa ana ganin namiji ɗaya yana rakiyar su. Ba uban ɗan ba ne, jira yake ko macen za ta karɓi barbara. A mashigin Exmouth na yammacin Ostireliya, masu bincike sun manna na'urar naɗar sauti a jikin jarirai takwas da uwaye biyu, suka tarar cewa raɗa suke yi wa juna, da sautin da ba ya wuce kimanin mita 100. Ana ganin hakan yana ɓoye su daga orka da kuma mazan da ke neman mata.

Orka shi ne babban abokin gaban jariri, musamman a tafiyarsa ta farko. Da yawa daga cikin manyan wel suna ɗauke da tabon haƙoransa a wutsiya, kuma galibi tun suna jarirai suka same shi. Uwa tana kare ɗanta da fikafikai da wutsiya, ko ta ɗora shi a bayanta. Manyan wel masu doro ma sukan tunkari orka da ke cikin farauta su hana shi, ko da abin da yake bi ba jinsinsu ba ne. Wani nazari na 2017 ya tattara irin wannan haɗuwa guda 115.

Ɗan yana fara cin abinci da kansa yana da kimanin wata shida, a wurin kiwon uwarsa, ana yaye shi kafin ko daidai cikar shekara, lokacin ya kai mita 8 zuwa 9. A wannan shekara ɗaya yake koyon hanya. Wurin da uwarsa ta kai shi kiwo, nan zai riƙa komawa har tsufansa. Balaga tana zuwa tsakanin shekara 5 zuwa 10, amma ta danganta da wuri: a mashigin Maine mata suna haihuwar fari da wuri, a kudu maso gabashin Alaska kuwa matsakaicin ya kusa shekara 12. Tazarar haihuwa shekara biyu zuwa uku ce, kodayake mace mai ƙoshi tana iya haihuwa shekara biyu a jere. Suna rayuwa fiye da shekara 50.

Tasirin abinci a kan haihuwa

A yammacin zirin Antatika masu bincike sun riƙa ɗaukar ɗan yankin fata da kitse daga mata don gwajin ciki daga 2013 zuwa 2020. A 2017, bayan shekarar da kiril ya wadata, kashi 86 cikin 100 na matan suna da ciki. A 2020, bayan shekarar ƙaranci, kashi 29 ne kawai. Kiril kuwa ya dogara da ƙanƙarar teku, domin ƙanana suna cin gansakukar da ke tsirowa a ƙarƙashinta a hunturu. Ana kuma kama shi da manyan jirage don yin abincin kifin gona da man ƙarin lafiya. Hukumar da ke kula da albarkatun tekun Antatika ta ƙayyade tan 620,000 a shekara a yankin kudu maso yammacin Atlantika. Adadin kaɗan ne idan aka kwatanta da dukkan kiril ɗin da ke tekun, sai dai jiragen suna taruwa ne a wuraren da dabbobin ke kiwo, kuma a nan matsalar take.

A arewacin Fasifik, ruwan teku ya yi zafin da ba a saba ba daga 2014 zuwa 2016, abinci ya ragu. A shekarun da suka biyo baya an ga ramammun dabbobi a Alaska, ganin uwa da jariri a Hawai kuma ya ragu ƙwarai. Wani bincike na 2024 da ya dogara da hotunan wutsiya ya ƙiyasta cewa yawansu a wannan teku ya sauka daga kimanin 33,000 a 2012 zuwa ƙasa da 27,000 a 2021.

Akwai rukuni ɗaya da ba ya ƙaura. A tekun Larabawa, musamman gaɓar Oman, iskar damina tana taso da ruwa mai sanyi da albarka daga ƙasan teku, don haka abinci da ruwan ɗumi suna wuri ɗaya. Wannan rukuni ya rabu da sauran tun kimanin shekaru 70,000, kuma ƙiyasin da aka yi a gaɓar Oman bai kai dabba 100 ba.

Farauta da farfaɗowa

Halin dabbar na bin gaɓa da komawa wuri ɗaya ya sa ta zama ta farko da ake ƙararwa duk inda aka buɗe tashar farauta. A tsibirin South Georgia an fara a 1904, cikin kimanin shekaru goma masu doro suka yi wuyar gani. A gaɓar Gabon an fara a 1912. Hukumar kula da farautar wel ta duniya, IWC, ta haramta kashe su a kudancin duniya a 1963, zuwa 1966 haramcin ya game ko'ina. Sai a shekarun 1990 aka gano cewa jiragen Tarayyar Sobiyet sun kashe fiye da 48,000 a kudu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, alhali 2,710 suka bayar a rahoto.

Bayan an daina, yawancin rukunan sun farfaɗo. Wanda ke haihuwa a gaɓar Brazil ya sauka zuwa kimanin 450 a tsakiyar shekarun 1950, zuwa 2019 an ƙiyasta shi kusan 25,000. A 2008 ƙungiyar IUCN ta cire jinsin daga jerin waɗanda ke cikin haɗari, amma ta bar rukunin tekun Larabawa a ciki. A yau ana barin 'yan asalin Greenland da na tsibirin Bequia a yankin Karibiyan su kama kaɗan a shekara. Abubuwan da suka fi kashe su yanzu su ne sarƙewa a igiyoyi da tarun masunta, da karo da jirage, kuma jarirai da matasa ne suka fi faɗawa ciki.